Makonni Shida a Cikin Kambas Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake roƙo Ya sanyaya mini zuciya kafin in kai ƙarshe, domin duk ranar da na tuna wannan al'amari sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi shi. Sunana Yusha'u. Asalina mutumin Malumfashi ne, amma a tashar Kawo na zama mutum, a nan na yi aure. Shekara goma sha ɗaya ina jan bas tsakanin Kaduna da Zariya. Yanzu ba na ja. Ina zaune a benci bakin ƙofar tasha ina rubuta sunayen fasinja, ƙafata ta dama kuwa ta tsaya a ƙasan gwiwa. Direba da ƙafar dama yake cin abinci, ita ce totur, ita ce birki. In ka tambayi mutanen tasha za su ce maka ciwon suga ne ya yanke ta. Da gaskiyarsu, amma ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Ni mayen ƙwallo ne tun ina ƙarami. Ba zan kama sunan ƙungiyar Kaduna da nake bi ba, don 'yan wasan ba su yi mini komai ba, ba su ma san ina duniya ba. Mu dai a tasha muna da rumfar magoya baya, da ganguna biyu da bigila, da shugaba. Shugaban shi ne Alhaji Garba, muna kiransa Ciyaman, kuma shi ne mai bas ɗin da nake ja. Duk inda ƙungiya za ta buga, ni nake kwasar jama'a. Kowa a cikinmu yana da camfinsa. Wani ba ya cin ƙwai ranar wasa don kada a tashi ba ci, wani ba ya aski, wani kuma in ba a kan matakala ta bakwai ya zauna ba sai ya ce an kashe mu. Muna sallah, muna azumi, mun san duk wannan shirme ne, amma ranar Asabar sai hankali ya bar mu.

A shekarar da nake magana, lokacin soja ne, ana fama da layin mai. Aka fara gasar kofi ta ƙasa, irin ta sili-ɗaya-ƙwale, wadda in an ci ka sau ɗaya sai ka tattara ka koma gida. Mun daɗe ba mu wuce zagaye na biyu ba. Wasan farko a gida aka yi, har ana shirin tashi babu wanda ya ci wani. Na hau katangar waya ina zagin alƙalin wasa, ɗan sanda ya ɗaga mini kulki, na diro. Ashe akwai wani katako a ƙasa da ƙusa a tsaye. Ta huda kambas ɗina ta shige tafin ƙafa. Na kwarma ihu, kuma ban rufe baki ba ƙwallo ta faɗa ragar baƙi. Ciyaman yana kusa da ni. Shi da kansa ya zare ƙusar, ya cire takalmin ya ɗaga sama da jini a jikinsa, yana gaya wa jama'a cewa ihuna ya riga ƙwallon shiga. Kafin mu fita daga fili an yanke hukunci: wannan kambas ba za a wanke shi ba, ba za a canja shi ba, kuma ba zai bar ƙafata ba sai kofi ya zo Kaduna.

Da muka dawo tasha aka yi mini maganin direbobi, wato aka tsiyaya man birki a ramin. Ya yi zafi, kowa ya ce ai shi ke nan ya kashe dafin. Ramin bai fi ƙwayar dawa ba. Na ɗaure da tsumma na mayar da takalmi, ba na cire shi sai in zan yi alwala ko zan kwanta.

Sati na biyu ina ɗingishi kaɗan, muka ci biyu da nema. Aka fara kirana Mai Kambas. Mutumin da bai taɓa gaishe ni ba sai ya tsallako titi ya taɓa takalmin ya shafa a goshi. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya ni direba ne kawai, ga shi a sati biyu na zama wani abu.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna kafin ƙusar, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙishirwa ce da ba ta ƙarewa, da yawan fitsari. Daga Kawo zuwa Zariya sai in tsaya sau biyu, ɗaya a Katabu, fasinja suna tsaki. Ina ci kamar gara amma wandona yana zamewa. Matata Hasiya ce ta lura tururuwa tana taruwa a inda nake fitsari a makewayi. Ta ce gwaggonta haka ta fara, kuma ciwon suga aka ce mata. Na ce ta daina ja mini ciwon masu kuɗi, ni da ko firji ba ni da shi.

A sati na uku ƙafar ta kumbura har idon sawu, ramin ya fara fitar da ruwa. Na je wurin mai kemis a Unguwar Kanawa, ya ba ni kafso ja da rawaya, ya ce in sha biyu in fasa ɗaya in barbaɗa. Takalmi ya ƙi shiga, sai aka tsaga shi da reza ta gefe aka ɗaure da robar tayar keke. Muka sake cin wasa. Ina nan ina tuƙi da diddige, har ranar da na kusa hallaka mutum goma sha takwas daf da Katabu, don na taka birki ban ji na taka ba, kuma ashe ban taka ba. Allah Ya tsare, motar ta tsaya a cikin gonar masara. Ciyaman ya ce in huta da tuƙi, wani zai riƙe motar, ni aikina yanzu in kai ƙafa filin wasa.

Ranar Litinin ta sati na huɗu Hasiya ta sa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ko mu tafi asibiti tare ko ta tafi gidansu. Muka tafi babban asibitin gwamnati. Tun bayan asuba muke layin kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, ina zaune a dandamalin siminti ƙudaje suna bin tsumman. Likitan matashi ne, kuma tun kafin ya kwance ya ce ya ji warin. Aka gwada fitsari da jini. Ya ce suga ne, kuma ya yi yawa, shi ya hana ciwon warkewa. Sannan ya faɗi maganar da har yau take cikin kunnena.

"In ka kwanta yau, a kan yatsa ɗaya za mu yi kokawa. In ka dawo bayan sati biyu, a kan ƙafa za mu yi magana."

Aka ma yi sa'a akwai gado, abin da mutane suke kwana uku suna nema. Na ce zan je gida in ɗauko tabarma da buta in dawo. Hasiya ta san ƙarya nake yi, don ta san ranar Asabar akwai wasan kusa da na kusa da na ƙarshe a Jos. A bakin ƙofar asibiti ta tsuguna tana kuka, masu sayar da ayaba suna kallonmu, ni kuma ina ce mata ta tashi tana ba ni kunya.

Da la'asar sai ga Ciyaman a gidanmu, labari ya kai masa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya ce likitocin yanzu yara ne, da sun ga ƙurji sai su ɗauko wuƙa. Hasiya, wadda ba ta taɓa sa baki a maganar maza ba, ta fito ta tsaya a bayan ƙofar zaure da takalmin a hannunta.

"Alhaji, ga shi nan. Ku ɗauka ku tafi da shi Jos, ku bar mini mai shi."

"Haba uwargida," in ji Ciyaman yana murmushi, "ai takalmi ba ya tafiya shi kaɗai. Sai da ƙafar a ciki yake aiki. Kwana biyar ne kacal. Ranar Lahadi ni da kaina zan kai shi asibiti a motata."

Ku riƙe wannan magana tasa, za mu dawo kanta. Amma kada wani ya ce ɗaure ni aka yi. Babu wanda ya sa mini igiya. Na dubi matar da ta haifa mini 'ya'ya huɗu, na dubi mai motar da nake ja, na ce mata ta ajiye takalmin ta koma ciki. Fushin da nake yi da Ciyaman bai kai rabin wanda nake yi da kaina, ni da na faɗi wannan, ba.

A Jos aka tashi kunnen doki, aka je bugun fenariti, golanmu ya kama biyu. Aka ɗauke ni a kafaɗa aka zagaya da ni, ƙafar tana lilo, kowane taku kamar ana soka mini allura har cikin ƙwaƙwalwa, ni kuma ina ɗaga hannu kamar gwamna. Ranar Lahadi motar Ciyaman ba ta zo ba. Ba ta zo ranar Litinin ba. Dalili kuwa kowa ya sani: saura sati biyu wasan kusa da na ƙarshe, kuma da ƙungiyar Kano za mu kara, waɗanda muka fi tsana a duniya. Abin da ya zo daga gidan Ciyaman shi ne kiret ɗin lemon kwalba, wai in sha in sami ƙarfi. Mai ciwon suga ne aka aiko wa wannan, kuma na shanye shi tas.

Sati na biyar shi ne satin masu shawara. Kawuna Idi ya zo daga Katabu, ya duba ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, Kanawa ne suka binne wani abu don su karya mana sa'a. Ya kawo sassaƙe da garin bagaruwa, ya kawo wanzami ya yi mini tsaga a ƙauri don baƙin jini ya fita. Wata maƙwabciya ta ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son allura, in aka yi sai ya fusata. Wani ya ce zuma, a shafa kuma a sha. Duk wanda ya shigo da nasa maganin, kuma kowannensu yana ƙaunata, ban ce ba. Amma babu ko ɗaya da ya ce in koma inda aka gaya mini gaskiya, sai mutum ɗaya.

Mutumin nan shi ne Audu mai faci, Bakano da yake da rumfa a bakin tasha. Shekara da shekaru muna zagin juna a kan ƙwallo, in an ci su ni ne nake zuwa in busa masa ham a kunne. Ya shigo ɗakina, ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar, ya duba ya mayar.

"Yusha'u, da ku za mu buga, kuma wallahi so nake mu lallasa ku. Amma ƙafar nan ta fi kofi. Tashi in kai ka asibiti yanzu."

Na ce masa na gane, Kanawa ne suka turo shi ya raba ni da fili. Na kore shi a gaban 'ya'yana. Ya fita, ya bar lemon zaƙi guda uku a bakin ƙofa.

A cikin satin nan ne zafin ya ɗauke. Na tashi da safe ban ji komai ba, yatsu uku sun yi baƙi sun bushe. Na yi murna, na aika a gaya wa Kawu Idi maganinsa ya ci. Ban san cewa naman da ya mutu ba ya ciwo ba. Wari kuwa ya kai an kwashe yara zuwa ɗakin maƙwabta. Hasiya ta daina yi mini magana gaba ɗaya, amma safe da yamma sai ta dafa ruwa ta sa gishiri, ta ɗaure hancinta da gefen ɗankwali, ta durƙusa ta wanke. In ta gama ta fita bayan ɗaki ta yi amai, ta dawo ta kawo mini abinci.

Wasan da Kanawa a Bauchi aka yi shi. A kujerar baya aka kwantar da ni, jikina yana rawa da zazzaɓi. Mutum huɗu suka tura ƙafar cikin kambas, suka ƙara tsaga shi, suka ɗaure. Ban ga wasan ba. Na san dai an jingine ni a jikin ganga, na ji ƙara sau uku, daga baya aka ce biyu namu ne, ɗaya nasu. A hanyar dawowa an buɗe tagogin mota duka saboda ni, ana ta waƙa. Suka ajiye ni a ƙofar gida kamar buhun masara suka wuce tasha, don a can ake shagali.

Washegari da hantsi ban san inda nake ba. Hasiya ta fita neman wanda zai taimaka, rumfar magoya baya babu kowa, duk suna barcin gajiya. Audu ta samu, wanda aka fitar da ƙungiyarsa jiya, yana zaune ya yi tagumi. Shi ya tsayar da tasi, shi ya ɗauke ni a bayansa.

Wata nas da ake kira Sista Rifkatu ce ta yanke takalmin da almakashi, don ya manne da nama. Tana yanka tana faɗa, ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin babban mutum mai gemu ya yi wa kansa irin wannan ba. Likitan nan dai shi muka sake samu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya danna ƙaurina da yatsa har ya kai inda na ji, ya sa biro ya ja layi a wurin. Ya ce, "Ba ƙusa ce ta ci ƙafar nan ba, Malam. Sati ukun nan ne." Ya ce in ba a yanke ba, zuwa Juma'a gawa za a ɗauka.

Asibitin gwamnati a wancan lokaci gado kawai yake ba ka. Auduga, bandeji, ruwan da ake ƙarawa, allura, har zaren ɗinki, sai a rubuta maka takarda ka tsallaka titi ka sayo. Hasiya ta sayar da kekenta na ɗinki, da shi take rufa mana asiri, ta sayar da 'yan kunnen aurenta. Aka ce kuma sai an kawo jini leda biyu kafin a shiga da ni. A rumfarmu mun fi mutum arba'in, kuma muna da waƙar da muke yi cewa jininmu na ƙungiya ne. Ta je ta same su. Wannan ya ce yana azumin nafila, wancan ya ce basir ya shanye masa jini, wani ya ce bari ya je ya dawo. Ciyaman ya ce yana can yana fafutukar neman man da zai kai jama'a Legas wasan ƙarshe. Leda ɗaya ƙanen Hasiya ya bayar. Ɗayar kuwa jinin Audu ce, kuma tana jikina har yanzu.

Ranar Alhamis aka yi aikin. Da na farfaɗo babban yatsana yana ƙaiƙayi, na miƙa hannu zan sosa, na tarar da katifa. Kawu Idi ne ya karɓi ƙafar a naɗe da farin ƙyalle ya kai maƙabarta ya binne, yana kuka, yana cewa in yafe masa. Na yafe masa, shi da zuciya ɗaya ya yi.

Kwana uku bayan haka sai ga Ciyaman da mutum uku, da ledar lemo. Wallahi na ji daɗin ganinsu, na ɗauka duba ni suka zo. Ya dubi inda zanen ya kwanta babu komai a ƙasa, ya ce Allah Ya sa kaffara ne. Sannan ya gyara murya ya ce jirgin ƙasa da motoci za su tashi ranar Alhamis, kuma jama'a hankalinsu ba zai kwanta ba in babu kambas. Ko yana ina?

Hasiya tana zaune a ƙasa tana matse mini tsumma. Ba ta ɗaga kai ba.

"Alhaji, ba kai ka ce sai da ƙafar a ciki yake aiki ba? Ƙafar tana maƙabarta tun ranar Alhamis. Kawu zai nuna muku wurin."

Har mai karaya na gadon kusa sai da ya daina nishi ya juyo yana kallonsu. Ciyaman ya ce ai yanzu albarkar ta riga ta shiga takalmin, shi kaɗai ma ya isa. Wato abin da ta roƙe shi a zaure sati huɗu da suka wuce, wanda da ya karɓa da yau ina tuƙi, shi ne ya zo nema da bakinsa. Kuna tsammani na tashi na shaƙe shi? Ban yi ba. Ni da nake kwance da guntun ƙafa, ni na daka wa Hasiya tsawa na ce ta ba su, kada wahalata ta tashi a banza. Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba, ta ce su dawo gobe. Washegari ta miƙa musu shi a ƙulle cikin baƙar leda, suka karɓa da hannu biyu, ko zama ba su yi ba.

A rediyon wani majinyaci muka ji wasan ƙarshe, ranar Asabar da yamma. Masu jinya da masu shara duk suka taru a bakin gadona, don an san ni ne Mai Kambas. Muka ci ɗaya mai ban haushi. Na yi kuka, kuma kukan murna ne, ba zan ɓoye ba. Ranar Litinin aka zagaya gari da kofi, muna jin ganguna daga titi. An ce kambas yana ɗaure a kan gora a saman bas ɗina, sabon direba yana ja. Ayarin ya wuce ta ƙofar asibiti, babu wanda ya sauko.

Sati biyar na ƙara a gadon nan. Wankin ciwo kowace safiya, ina cizon filo. Sista Rifkatu, Allah Ya saka mata, bakinta babu daɗi amma hannunta akwai, ita ta koya mini yi wa kaina allurar suga a cinya, ita ta koya wa Hasiya abin da zan ci da wanda zan bari, acca da alkama da ganye, ban da lemon kwalba har abada. Likitan nan ya samo mini sanduna daga wani da aka sallama. Hasiya a ƙarƙashin gadona take kwana a kan kwali. Audu kuwa duk ranar Juma'a bayan masallaci sai ya zo, ya zauna ya yi ta gaya mini cewa da alƙalin wasa muka ci su.

Da na koma gida, masu gaisuwa suna ta zuwa, sai na sami wata magana da nake rarrashin kaina da ita. Duk wanda ya ce sannu, sai in ce ai ba komai, ko ba komai ƙafata ta kawo kofi Kaduna. Na faɗa sau ɗaya, sau goma, har na fara jin kamar ciniki ne na yi kuma ban faɗi ba. Wata ranar Laraba na faɗa wa wasu baƙi, suka tafi, Hasiya ta shigo ta kwashe kofuna. Sai ta ajiye tiren ta zauna a gabana.

"Malam, ka daina faɗin maganar nan, ina jin kunya. Takalminka bai je Legas ba."

Ta ce tun ranar da aka kai ni Sista ta jefa shi a bokitin ƙazanta, aka ƙone shi da sauran tsummoki a bayan asibiti kafin azahar. Da na yi mata tsawa a gaban mutane, ta fito baranda ba ta san abin da za ta yi ba, sai ta tarar da Audu a zaune. Ta gaya masa. Ya dubi ƙafarsa, ya cire tsohon kambas ɗinsa na dama, wanda yake faci da shi, ya tsaga gefen da rezar aikinsa, ya ɗaure da robar taya, ya goga a bakin kwata. Da takalmi ɗaya ya koma tasha ranar.

Takalmin Bakano, wanda muka fitar da ƙungiyarsa, shi aka kai Legas, shi aka yi ta shafawa a goshi, shi aka ɗaura a gora. Kuma aka ci kofin. Da an kai silifas ɗin makewayi ma da an ci, don yara goma sha ɗaya ne suka yi gudu suka ci abinsu. Ranar da ta gaya mini ban ci abinci ba. Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba, ko ranar da aka yanke ƙafar, don a ranar ne na san babu abin da na saya da ita.

To ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In kana yawan ƙishirwa da fitsari, ka je a gwada ka. In ka ji ciwo a ƙafa ya kwana bakwai bai kama hanyar warkewa ba, ka bar man birki, ka bar kafso, ka je asibiti. In zafi ya ɗauke alhali wurin ya yi baƙi, ba sauƙi ba ne. In likita ya ce ka kwanta yau, ka kwanta yau, ko da ɗaurin aurenka ne gobe. Har yanzu ina jin wasa a rediyo, ban daina son ƙungiyata ba. Amma duk wanda ya ce maka jama'a ba za su iya ba sai da kai, ka tambaye shi ko zai ba ka jini.

Kambas ɗin yana nan rataye a rumfar magoya baya, an sa shi a leda mai haske don ƙura. Daga bencina ina hango shi. Kullum da safe Audu in zai wuce sai ya tsaya ya ɗaga masa hannu, ya kalle ni, ya wuce yana dariya, 'yan rumfa kuma suna ɗauka girmamawa ce. Shekara shida mu uku muka riƙe maganar nan, yau na gaji. Ciyaman, na san ba ka karatun boko, amma za a karanta maka. Ka sa a sauko da takalmin nan a mayar wa mai shi. Na hagun yana nan a rumfar faci, ya ajiye shi yana jira.